Kyamarar Akwati: Yadda Ake Haɗa Ta da Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mutum a Bakin Titi

A Kabul da Herat da Mazar-i-Sharif, har zuwa farkon wannan ƙarnin, mai neman hoton katin shaida ba sai ya shiga shago ba. A bakin titi zai tarar da mai hoto tsaye kusa da wani akwatin katako mai ƙafa uku, an rataya kyalle a bango, ga kujera, ga bokitin ruwa. Ya zauna. Mai hoto ya cire murfin lens, ya ƙirga a zuci, ya mayar, ya zura hannu cikin akwatin ya yi ta lalube. Kafin shayi ya huce an miƙa masa hotonsa da danshinsa. Mutanen Afghanistan suna kiran abin kamra-e-faoree, wato kyamarar nan-take. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji “fauran” a cikin sunan. A Sifaniya ana ce wa masu wannan sana'a minutero, a Brazil lambe-lambe, a Ghana kuwa sunan da ake kiransu da shi ma'anarsa “jira ka karɓa”. A 2011 Lukas Birk ɗan Ostiriya da Sean Foley ɗan Ireland suka fara bin ragowar masu akwatin nan a Afghanistan suna rubuta yadda suke aiki, domin kyamarar zamani ta riga ta kusa kashe kasuwar.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne akwatin nan abu biyu ne a jiki ɗaya: kyamara ce, kuma ɗakin wankin hoto ne. A cikinsa ake ɗauka, a cikinsa ake wankewa, da hannu ɗaya, mafi yawan lokaci ba tare da kana ganin abin da hannun yake yi ba. Duk ƙusar da za ka buga, ka tambayi kanka ko za ta sauƙaƙa wa wannan hannun aiki.

Lens ne farko, ba katako ba

Kar ka je wurin kafinta sai lens yana aljihunka, domin shi ne zai yanka maka girman akwati. Wanda ya fi dacewa shi ne mai nisan haskawa tsakanin milimita 135 zuwa 180. Ana samunsa a jikin tsohuwar na'urar buga hoto ta ɗakin duhu, ko cikin tsohon injin fotokofi da ya mutu, a wurin masu gyara ko 'yan gwangwan. Idan duk babu, gilashin ƙara girman rubutu ma yana yi. Gefen hoton zai yi dishi-dishi, amma tsakiyar fuska za ta fito.

Ga yadda za ka san nisan haskawarsa. Tsaya cikin ɗaki, ka riƙe lens ɗin tsakanin taga da farin bango, ka yi ta matso da shi har hoton wata bishiya mai nisa ya fito tar a bangon, kai a ƙasa. Auna daga lens zuwa bango. Wannan shi ne adadin. A bayanin nan zan ɗauka naka 150 ne.

Lissafin da ke biye gajere ne. Idan mutum ya zauna mita ɗaya da rabi daga lens mai 150, hotonsa zai taru kimanin santimita 17 a bayan lens. Hoton farko dodo yake fitowa, wato fari ya zama baƙi, sai an sake ɗaukarsa kafin ya koma daidai. Idan za ka kwafi wannan takardar a daidai girmanta, sai ta kasance santimita 30 a gaba, hotonta ya taru santimita 30 a baya, wato ninki biyu na nisan haskawa. Ke nan allon da takarda za ta zauna a kai dole ya iya tafiya daga santimita 15 zuwa 31. Bayan nan kana buƙatar wurin farantai biyu na ruwan wankin hoto. Shi ya sa nake ba da shawarar tsawon ciki santimita 50, faɗi da tsayi kuma wajen 28 zuwa 30.

Jikin akwatin

Falankin filawud mai kaurin milimita 10 ko 12 ya isa. Wanda ya fi haka kauri zai karya maka kafaɗa ranar da za ka ɗauke shi zuwa kasuwa. Ka gaya wa kafinta a sa gam a kowace mahaɗa kafin ƙusa, a kuma bi kusurwoyin ciki da siririn katako, domin haske ba ya iya shan kwana. Murfin sama ya zama mai buɗewa da hinji, da leɓe mai sauka ya rufe bakin akwatin kamar murfin kwalla. Ciki gaba ɗaya a shafe shi da baƙin fenti marar sheƙi. Fentin allon makaranta ya fi kowane dacewa.

Ƙofofin da za a huda guda biyar ne. A gaba, ramin lens, a tsakiya. A baya, 'yar ƙofa kamar santimita 12 da 15 wadda za ka riƙa leƙawa kana saita hoto. A gefen dama, can wajen baya, rami zagayayye mai faɗin santimita 13 na shigar hannu. Idan kai bahago ne a mayar da shi hagu. A sama, daidai kan farantin farko, wanda hoto zai fito a cikinsa, ɗan rami kamar santimita 2 na leƙe, da marufi mai zamewa. Sai tagar ja, kamar santimita 5 da 5, a gefen da ke fuskantar ramin hannu, ita ma da marufinta.

A bakin ramin hannu za ka kafa ƙafar tsohon baƙin wando mai kauri, riɓi biyu, ka danne bakinta da zoben katako, ka sa roba a ɗaya bakin yadda za ta kama damtsenka. Tela zai yi maka wannan cikin minti goma. Ta nan haske ya fi yawan satar shiga, don haka kar ka yi rowar yadi.

Tagar ja kuwa dalilinta shi ne takardar hoto baƙi-da-fari ba ta ganin jan haske. Shuɗi take gani, da ɗan kore. Sai ka sa jar roba mai kauri, biyu ko uku a haɗe, domin ranarmu ba wasa ba ce. Kar ka yarda da ita sai ka gwada: ajiye guntun takarda a cikin akwati, ɗora kwabo a kai, buɗe tagar minti uku a tsakar gida, sannan ka wanke. In ka ga zanen kwabon, ƙara wani jan.

Allon saiti

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne kafinta zai so ya yi sauri, kai kuma ka hana shi. Sanduna biyu na ƙarfe masu santsi, kaurin milimita 8 ko 10, za su tashi daga bangon gaba zuwa na baya ta can sama, a jere, tazararsu ɗaya daga farko har ƙarshe. A jikinsu za a rataya allo mai faɗin santimita 16 da tsayin 20, an yanke taga a tsakiyarsa daidai da tsakiyar lens. Allon ya riƙa zamewa gaba da baya ba tare da karkata ba. Idan ya karkata ko kaɗan, ido ɗaya zai fito, ɗaya ya dushe. Sanda ta uku a kafe take a jikin allon, ta fito waje ta wani matsattsen rami a bangon baya wanda aka naɗe da baƙin kyalle. Da ita kake turawa da jawowa.

A tagar allon za ka sa gilashi mai hazo. Ka sami gilashin taga guda biyu, ka shafa ɗan man da makanikai ke goge bawul da shi a tsakaninsu, da ɗigon ruwa, ka yi ta murza su a kewaye kamar minti goma sha biyar har fuska ɗaya ta yi fari-fari ko'ina. Wannan fuskar mai hazo ita za ta kalli lens. A kanta takarda za ta kwanta, sai ka kafa 'yan maƙalai biyu a ƙasa da ɗaya mai lanƙwasa a sama waɗanda za su riƙe ta. Ka tabbata yatsa zai gane su a duhu.

A ƙasan akwati, can baya, robobin abinci biyu masu kimanin santimita 11 da 15, waɗanda su ne farantan ruwan wanki, za su zauna gefe da gefe, a kewaye su da siririn katako kar su zame. A ɗan filin da ya rage sai ƙaramin akwatin takarda mai murfi, a tsaye, wanda haske ba ya shiga, domin za ka riƙa buɗe ƙofar baya alhali takardun suna ciki.

Saura hannun kwafi, inda za a manna dodon hoto a sake ɗaukarsa: katako mai tsawon kamar santimita 35 da ke fitowa daga ƙasan gaba, da ƙaramin allo a tsaye a bakinsa, yana fuskantar lens a nisan santimita 30. A sa masa hinji ya riƙa naɗewa ƙasa idan ana ɗaukar mutum. Ƙafa uku kuma a yi ta da katako mai nauyi, a ɗaure ƙafafun da igiya kar su baje. Murfin lens, wanda shi ne makunnin kyamarar gaba ɗaya, murfin gwangwani ne da aka liƙa wa baƙin kyalle a ciki, mai shiga da fita ba gardama. Idan yana cijewa, girgizar cire shi za ta ɓata hoton.

Idan lens ɗinka ba shi da abin rage haske, yanke baƙin kwali ka huda. Masu hoto suna auna girman ramin shigar haske da lamba irin f/11 ko f/16. Ka raba nisan haskawa da lambar da kake so: ga 150, ramin milimita 9 ya ba ka f/16, na milimita 14 ya ba ka f/11.

Kafin ka zuba komai, kai akwatin rana, ka rufe ko'ina, ka manna ido a ramin leƙe minti biyu cur har idonka ya saba. Duk inda ka ga ɗigon haske, toshe shi.

Takarda da ruwan wanki

Nemi takardar hoto baƙi-da-fari mai rufin roba, wadda ake rubuta RC a kwalinta, irin Ilford Multigrade ko Foma. Ta fi saurin wankuwa da bushewa. Mai girman inci 5 da 7 in ka raba ta biyu za ta ba ka kimanin santimita 9 da 13. Da dare za ka yanka, a ɗaki rufe, da jar fitila mai rauni. Ka jera su duka fuska ɗaya, domin a duhu hannu ba shi da lokacin tantance gaba da baya.

Ruwa biyu ne. Na farko mai fito da hoto, dibelofa. Na biyu mai kafe shi, fiksa. Dibelofar Ilford Multigrade ana haɗa kashi 1 da ruwa kashi 9, ta yi aiki cikin minti ɗaya a ma'aunin zafi 20. To mu ina muka ga 20 in ba da hunturu ba? A zafin bazara hoton zai yi baƙi kafin ka kai ido ramin leƙe. Maganinsa ka ƙara ruwa, kashi 1 da 19, ka haɗa da ruwan randa mai sanyi, kuma akwatin ya zauna a inuwa. Fiksa mai sauri kashi 1 da ruwa 4, minti ɗaya ya wadatar. Inda samun waɗannan ya yi wuya, masu sayar da kayan hoton ƙashi na asibiti suna da nasu dibelofa da fiksa, suna kuma aiki a takarda in an sirka su da ruwa sosai.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. A littattafan hoto za ka ga ana kiran fiksa “hypo”, wato gishirin sodium thiosulfate. Ba shi ne ruwan bilicin da ake sayarwa da irin wannan suna a kantunan Najeriya ba. Ba su haɗa komai ba, kuma zuba bilic cikin ruwan hoto yana iya tayar da iska mai cutarwa. Haka nan ka sa safar hannu ta roba ko ka yi aiki da ɗan matsefi, domin wasu dibelofa suna sa ƙaiƙayi. Kar ka zuba su a kwalbar lemo inda yara suke, kuma tsohon fiksa yana ɗauke da azurfa, ba a zubar da shi kusa da rijiya.

Fuskar mutanenmu

Wannan ne abin da ya fi ba ni wahala, kuma bayanan da aka rubuta a ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kansa ba. Tunda takarda ba ta ganin ja, fata mai duhu ko wankan tarwaɗa tana fitowa da baƙi fiye da yadda take a ido. Farar riga kuwa, musamman wadda aka sa wa bula, tana ƙone takardar nan da nan. Hotona na farko na wani dattijo ne cikin farar babbar riga: rigar ta fito fari fat ba ko zanen aiki, fuskar kuma ba a ganin komai sai fararen idanu. Na ji kunyar miƙa masa, kuma laifina ne, domin na auna hasken da rigar maimakon fuskar.

Abu huɗu suka gyara mini. Na farko, inuwa buɗaɗɗiya: gindin bango ko bakin rumfa inda mutum ke fuskantar sarari amma rana ba ta taɓa shi. Ƙarƙashin bishiya mai yabanyar haske ba ya yi. Hazon hunturu kuwa alheri ne, yana tausasa haske ko'ina. Na biyu, farin kwali babba, yaro ya riƙe shi a ƙasa-ƙasa ta gefe yana mayar da haske kan fuska. Na uku, ɗan gilashi ko leda mai launin ruwan ɗorawa a gaban lens. A takardar Multigrade wannan yana rage tsananin bambancin fari da baƙi, sai dai za ka ƙara lokaci. Na huɗu, labulen baya mai ruwan toka, ba fari ba, ba baƙi ƙirin ba, don kai da hula su rabu da bango.

Akwai kuma dabarar shafa ɗan jan launi a fuskar dodon hoto kafin a kwafe shi. Takarda tana ɗaukar ja a matsayin duhu, sai wurin ya yi haske a hoton ƙarshe. Ina amfani da ita ne kawai don dawo da kamannin da takarda ta cinye. Mutum ya zo ne ya ga kansa. Mayar da shi wani fari da bai sani ba cin amanar hoton ne.

Ɗauka

Zaunar da mutum kamar mita ɗaya da rabi daga lens, bayansa jingine da kujera. Buɗe ƙofar baya da murfin lens, ka leƙa. Za ka gan shi kai a ƙasa, haka abin yake. Tura sanda ko ka jawo har ƙwayar idonsa ta fito sarai. Sai ka maƙala abin shanya a jikin sandar, daidai inda ta shiga bango. Wannan ɗan maƙalin shi ne ƙwaƙwalwar kyamarar.

Daga nan ka yi masa magana: “Baba, a ɗan ɗaga haɓa. Yauwa. Haka za a tsaya, kar a matsa gaba ko baya.” Rufe lens, rufe ƙofar baya, duba marufin leƙe da na tagar ja. Zura hannu, jawo allon baya, ciro takarda ɗaya, rufe akwatin takarda nan take, maƙala ta a gaban gilashi fuskarta mai sheƙi tana kallon lens. Mayar da sanda har maƙalin ya taɓa bango.

Takardar hoto ba ta da saurin kama haske, ƙarfinta kamar ISO 3 zuwa 6 ne. A inuwa buɗaɗɗiya da f/16 ka fara gwaji da daƙiƙa 2 zuwa 4. Ƙasa da daƙiƙa ɗaya hannu ba ya iya daidaitawa, sama da biyar kuma mutum zai motsa. “Malam, a ja numfashi a riƙe. Bismillah.” Zare murfin a hankali, ƙirga, mayar. Kowace safiya ka fara da gwaji a kan wani naka kafin baƙo ya zauna, kuma ka sake gwadawa idan rana ta juya.

Cire takardar, ka nutsa ta gaba ɗaya cikin dibelofa a tashi ɗaya, fuska sama. Manna ido a ramin leƙe tukuna, sannan ka zame marufinsa, sannan ka buɗe tagar ja. Za ka ga fuska tana tasowa daga farar takarda. Na ga wannan sau ba adadi, har yau yana taɓa ni. A jan haske hoto ya kan yi kamar ya fi yadda yake baƙi, don haka ka ɗan ƙara haƙuri. Ɗaga, bari ya tsiyaye sosai, sa a fiksa. Yatsan da ya taɓa fiksa kada ya koma dibelofa ko akwatin takarda, ɗigo kaɗan yana kashe ruwan, yana kuma barin tambarin yatsa a hoto. Bayan minti ɗaya ka fito da shi ka ɗauraye a bokiti.

Abin da ke hannunka yanzu dodon hoto ne: fari ya zama baƙi, dama ta koma hagu. Dube shi da kyau, domin duk abin da babu a nan ba zai fito a gaba ba. Dodo mai kyau yana da toka-toka a fuska, ana ganin zanen hanci da kumatu. Idan fuskar fari ce fat, haske ya yi kaɗan, a sake. Gara ka ce “Hajiya, a yi haƙuri a ƙara zama sau ɗaya” da ka ci gaba a kan dodo marar kyau.

Ɗaga hannun kwafi, ka manna dodon a allonsa da danshinsa, zai kama da kansa. Sa shi kai a ƙasa don ka gan shi a miƙe a gilashi. Jawo allon saiti baya wajen santimita 30, saita, maƙala, ka bi duk matakan ɗazu. A wannan nisan hasken da ke kai wa takarda ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ka fara da ninka lokacin sau huɗu. Kula kar sheƙin ruwa ya haska cikin lens. Wanke kamar na farko, ɗauraye minti biyu a ruwa mai tsabta, ka gyara gefe da almakashi. Dama da hagu sun koma daidai. In ana son kwafi uku, sau uku za ka ɗauki dodon. Hannun da ya saba yana gama komai cikin kamar minti goma.

A bakin titi

Kafin ka kafa ƙafa uku a ko'ina, ka gaida masu wurin, ka nemi izinin mai unguwa ko shugaban kasuwa. Ka nisanci ofisoshin tsaro da shingayen bincike. Kar ka juya lens kan wanda bai zauna da kansa ba, kuma mace in ta zo, ka bar ta ta gyara mayafinta da kanta, kai dai ka faɗa da baki. Jama'a za su taru, yara za su so leƙawa. Ja layi a ƙasa, domin gwiwa ɗaya in ta bugi ƙafar akwati, dibelofa ya fantsama cikin fiksa, aikin ranar ya tsaya. Ka kuma faɗa wa mutane gaskiya cewa wannan hoton ajiyewa ne, ofisoshin fasfo yanzu da kwamfuta suke ɗaukar nasu.

Dodon hoton na mai shi ne. Ka miƙa masa tare da hoton, ko ka nemi yardarsa in kana son riƙewa.

Da yamma ka juye ruwan biyu cikin kwalabensu masu alama, ka cika su har wuya don iska tana lalata dibelofa. Wanda ya koma ruwan shayi mai duhu ya gama aiki. Goge cikin akwati, ka bar murfin a buɗe ya sha iska, in ba haka ba tururin fiksa zai sa sandunan tsatsa, allon ya fara cijewa. A shafa musu ɗan kakin kyandir. Sannan ka rubuta a littafi abin da ka yi a ranar: ƙarfe nawa, wace irin inuwa, wane rami, daƙiƙa nawa, kalar rigar da mutumin ya sa.